Wane Kiɗa Ne Wannan? Shawara Ga Mai Neman Sunan Kiɗan Turai na Dauri

Wani matashi mai bin wannan fili ya aiko da tambaya mai reshe biyu. Ya ce a cikin wani fim ya ji guntun kiɗan Turawa da bai kai minti ɗaya ba, goge ne da yawa suna tafiya tare, a ƙarƙashinsu kuma wani abu yana ƙyas-ƙyas, kuma tun daga ranar kiɗan ya ƙi fita daga kansa. Ya kunna manhajar Shazam, ta ba shi sunan wani kundi wai na kiɗan hutawa, babu sunan wanda ya tsara. Da ya bi diddigi har YouTube sai ya tarar da kiɗan iri-iri: wani na gudu, wani na jan ƙafa, wani kuma an sauke muryarsa ƙasa kaɗan. Yana so ya san yadda ake gano sunan irin wannan kiɗa, sannan a cikin waɗanda ya ji wanne ne na ainihi.

To, ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Daga yadda ka kwatanta, kiɗan zamanin Barok ka ji, wato wanda aka tsara a Turai daga wajen 1600 zuwa wajen 1750, kuma tambayoyin naka biyu tushensu ɗaya. A waƙoƙin zamani, waƙa da faifanta abu guda ne: mawaƙi ya shiga situdiyo ya rera, abin da ya fito shi ne waƙar, ko a ina ka ji ta haka take. Kiɗan su Vivaldi ba haka yake ba. Vivaldi ya rasu a 1741, Bach a 1750, Handel a 1759, na'urar naɗar sauti da maimaita shi kuwa sai a 1877 Edison ya fito da ita. Takardu suka bari, kowace ƙungiyar makaɗa kuma sai ta ɗauki takardar ta kaɗa da nata hannu da tata fahimta. Shazam ba ta san takarda ba, ba ta kuma san karin kiɗa ba. Abin da take yi shi ne ta ɗebi wuraren da sauti ya fi ƙarfi a cikin 'yan sakan ɗin da ka ba ta, ta gwada su da tambarin faya-fayan da ke rumbunta. Idan faifan da aka sa a fim ɗin yana can, kuma 'yan wasa ba su rufe shi da magana ba, za ta kama. Idan kuwa an kaɗa shi ne musamman don fim ɗin, ko a wani taro ka ji shi kai tsaye, ko da bakinka ka rera mata, to ba za ta gane ba, komai shaharar kiɗan.

Saboda haka aikin farko na kunnenka ne. Ka rabu da lasifikar waya ka sa abin sauraro a kunne, domin lasifikar waya tana yanke muryoyin ƙasa masu kauri, a kiɗan Barok kuwa can ƙasan ne gizo ke saƙa. Ka ƙyale karin da ke sama, wanda ya fara jan hankalinka, ka bi abin da ke tafiya ƙarƙashinsa. Za ka ji celo, wato babban gogen da ake riƙewa tsakanin gwiwoyi, yana takawa ba tsayawa, tare da shi kuma ƙyas-ƙyas ɗin da ka ambata. Hafsikod ke nan, abin kiɗa mai madannai irin na fiyano, sai dai shi tsinke ne ke fizgar tsirkiyarsa, ba guduma ke dukanta ba, shi ya sa sautinsa ke da kaifi kuma yake mutuwa da wuri. Wani lokaci ƙaramin ogan ne ko wani molo mai dogon wuya ke wannan aiki. Italiyawa suna kiran haɗin basso continuo, muryar ƙasa mai ɗorewa, kuma ita ce babbar shaidar zamanin. In ka ji ta, shekarun da za ka bincika sun ragu zuwa kimanin 150.

Akwai wasu alamun. Kiɗan Barok in ya ɗauki taki yakan riƙe shi har ƙarshen sashe. Yakan ɗauki gajeren kari ya maimaita shi mataki-mataki, yana hawa ko yana sauka. Ƙarfi da sanyi sukan zo a yanke: dukan ƙungiya ta yi amo, nan take mutum biyu ko uku su karɓa. Muryoyi kuma sukan bi juna, ɗaya ta fara kari, ta biyu ta shigo da shi daga wani tsayin, ta uku ta biyo, har su sarƙe. Wannan ita ce fuga, Bach ne gwaninta. Idan abin da ka ji jimloli ne gajeru masu tambaya da amsa daidai wa daida, da fiyano, da kilarinet, da ɗan numfashi tsakanin jimla da jimla, ka matsa gaba zuwa zamanin Haydn da Mozart, rabin ƙarshe na ƙarni na 18. In kuma ƙungiyar ta cika maƙil, sauti yana kumbura a hankali har ya cika ɗaki, sauri yana ƙaruwa yana raguwa yadda madugun makaɗa ya so, ƙarni na 19 ke nan, na su Brahms da Tchaikovsky.

Bayan zamani sai ƙasa. Salon Italiya, musamman na Vivaldi wanda ya yi shekaru yana koya wa 'yan mata marayu kiɗa a gidan Pietà da ke birnin Benis, ba ya ɓuya: dukan ƙungiya ta buɗe da kari mai kuzari, goge ɗaya ya fita shi kaɗai ya nuna gwaninta, karin farko ya dawo a taƙaice, gogen ya sake fita, haka har a gama. Wannan ake kira kanceto, galibi sassa uku ne, mai sauri, mai sanyi, mai sauri. Salon Faransa, wanda Lully ya kafa a fadar Sarki Louis na 14, yana buɗewa da tafiyar ƙasaita, dogon sauti da gajere, dogo da gajere, kana a saki gudu muryoyi suna bin juna. Amma kar ka yanke cewa Bafaranshe ne ya tsara don kawai ka ji wannan, domin da shi Handel ya buɗe Messiah, da shi kuma Bach ya buɗe jerin kiɗansa huɗu na okestira. Tsakanin Jamusawan nan biyu da aka haifa a shekara ɗaya, 1685, bambancin a kunnena shi ne Handel mutumin dandamalin ofera ne a Landan, yana son ya tara muryoyi wuri guda ya sake su gaba ɗaya su doki ƙirjin mai sauraro. Bach kuwa duk inda ka kai kunne a kiɗansa, sama ko tsakiya ko ƙasa, za ka tarar da wata murya tana faɗar tata maganar. Wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo daren Talata ko Laraba ya san hannun Handel ko bai san sunansa ba: taken gasar Zakarun Turai da Tony Britten ya shirya a 1992 an gina shi ne a kan Zadok the Priest, wanda Handel ya tsara don naɗin Sarki George na 2 a 1727, kuma tun daga lokacin ake rera shi a kowane naɗin sarautar Ingila, har na Sarki Charles a 2023.

Sai ka ƙirga kayan kiɗan, domin wani haɗin shi kaɗai ya isa ya kai ka gida. Celo shi ɗaya babu mai raka shi, mafi yawan lokaci ɗaya ne daga jerin kiɗa shida na Bach, kuma 'yan fim sun fi ɗaukar mabuɗin na farko. Sarewa mai tsalle-tsalle da sauri bisa goge, gwada Badinerie, wadda tsofaffin wayoyin Nokia suka yi ƙararrawa da ita. Goge uku suna bin juna da kari ɗaya a kan sauti takwas na ƙasa da ke ta maimaituwa, Canon ke nan na Pachelbel, mutumin Nurembag. Kakakin Turawa mai siririyar murya can sama tare da obo da sarewar baki da goge, wannan kanceto na biyu ne cikin shidan da Bach ya miƙa wa mai sarautar Brandenburg a 1721. Obon nan dangin algaita ce, dukansu da ƙaramin bakin kara mai harshe biyu ake busa su, kuma daga algaitar Turai ta dauri aka gyaro ta a Faransa a tsakiyar ƙarni na 17.

Idan duk wannan bai kai ka ba, akwai dabarar da nake ganin Bahaushe zai yi saurin kamawa. A 1975 wani Baturen Ingila, Denys Parsons, ya wallafa kundin da ake gano kari a cikinsa ba tare da sanin karatun kiɗa ba. Ka rera karin a hankali, kowane sauti ka tambayi kanka: ya hau sama da wanda ya gabace shi, ya sauka, ko maimaita shi ya yi? Ka rubuta amsoshin a jere. Harshenmu a kan hawa da saukar murya yake tafiya, kunnen da ya saba bambanta kalmomi da karin sauti tun yarinta ba zai sha wuya a nan ba. Sauti 15 ko 16 sukan isa su ware kari daga dubban 'yan'uwansa. Karin gogen farko na Pachelbel, alal misali, sauka biyar ne a jere sannan hawa biyu. Shafin Musipedia ya gina bincikensa a kan wannan tsari, da harafin U don hawa, D don sauka, R don maimaici. Tun 2020 kuma manhajar Google tana karɓar kari in ka rera mata ko ka yi fito. Takan kama sanannu, takan ɓace a waɗanda ba su yi suna ba. Kada ka raina hanyoyin da ba na na'ura ba. Ka jira rubutun ƙarshen fim, inda ake jera kiɗan da aka aro. Ko ka naɗi guntun a waya ka kai wa mai kaɗa ogan ko shugaban mawaƙan wata coci a Jos ko Kaduna, irin waɗanda ke rera sashen Halleluya na Messiah lokacin Kirsimeti; kunnen da ya daɗe cikin abu yakan gane shi daga sauti uku na farko.

Ko ka samu suna, da sauran aiki. "Kanceton goge na Vivaldi" ba suna ba ne, domin mutumin ya bar kanceto wajen 500, fiye da 200 daga ciki na goge. Allegro, Adagio da Largo ma umarni ne na sauri ko sanyi, dubban sassa ke ɗauke da su. Lamba za ka nema. Ayyukan Bach suna da lambar BWV, daga kundin da Wolfgang Schmieder ya fitar a 1950. Na Handel HWV. Na Vivaldi RV, daga jerin Peter Ryom ɗan ƙasar Denmak. Na Mozart K, daga Köchel wanda ya jera su a 1862. Kiɗan celon nan BWV 1007 ne, Badinerie sashen ƙarshe ce ta BWV 1067, La primavera kuwa, ta farko cikin kanceto huɗu na yanayin shekara da Vivaldi ya wallafa a Amsadam a 1725, RV 269 ce. In ka rubuta lambar a wurin bincike faifan zai fito ko da Jamusanci ko Japananci aka rubuta bayaninsa. Kar ka ɗauka ƙaramar lambar BWV aikin ƙuruciya ce: Schmieder bisa nau'i ya jera, kantata a gaba, kiɗan okestira can baya. Mai iya karatun kiɗa zai samu takardun kyauta a shafin IMSLP da aka buɗe a 2006.

A nan nake so ka yi hattara, domin wasu daga cikin kiɗan da suka fi yawo a intanet da sunan Barok ba na waɗanda aka jingina wa ba ne. Adagio da ake cewa na Albinoni, wanda ake sawa a fina-finan baƙin ciki, wani masanin kiɗa ɗan Italiya, Remo Giazotto, ya wallafa shi a 1958. Ya ce ya gina shi a kan guntun takarda da ta fito daga ɗakin karatu na Dresden, amma ba a taɓa gabatar wa masu bincike ainihin takardar ba. Saurare shi da ma'aunin da na ba ka, za ka ji kumburin sauti da kukan goge na zamani ne da ya zo bayan Albinoni da nisa. Ave Maria da ake dangana wa Caccini kuwa Vladimir Vavilov ɗan Rasha ne ya tsara ta, ta fito a faifai a 1970. Shahararren mai goge Fritz Kreisler ya yi shekara da shekaru yana kaɗa wasu guntaye da sunan tsofaffin mawallafa irin su Pugnani, sai a 1935 ya bayyana cewa nasa ne. Akwai kuma waɗanda na zamanin ne da gaske amma an jingina su ga wanda ba shi ya tsara su ba: ƙaramin minuwet ɗin da kowane ɗalibin fiyano ke koya da sunan Bach na Christian Petzold ne, kamar yadda bincike ya nuna a shekarun 1970, kuma takin kakakin da ake rako amare da shi a coci da sunan Purcell na Jeremiah Clarke ne. Ko sanannen kiɗan ogan ɗin nan mai ban tsoro, BWV 565, masani Peter Williams ya tayar da shakku a 1981 kan ko Bach ne ya tsara shi, muhawarar kuma tana nan.

Wani tarkon shi ne aro, wanda a wancan zamani ba abin kunya ba ne. Kanceton Bach na hafsikod huɗu, BWV 1065, kanceton Vivaldi ne na goge huɗu ya sauya wa kaya. Handel ya yi wani kari na rawa a oferarsa Almira a 1705, ya sa masa baiti a Rum a 1707, ya sake sa masa wasu a Rinaldo a Landan a 1711. Idan manhaja biyu suka ba ka suna biyu, mai yiwuwa duka sun yi daidai.

Yanzu reshe na biyu. Wanda ka ji muryarsa ta sauka, kunnenka bai yaudare ka ba. A yau ana ɗaure sautin da ake kira A a kan girgiza 440 a sakan ɗaya, matsayar da wani taro a Landan ya ɗauka a 1939. A zamanin Bach kowane gari da nasa ma'auni, wani lokaci ma kowace coci bisa ogan ɗinta. A Faransa ana kaɗawa wajen 392, ogan na majami'un Jamus da yawa kuma wajen 465. Masu kaɗa da kayan dauri a yau sun sasanta a kan 415, rabin mataki ƙasa da 440. Yarjejeniya ce ta ƙarni na 20 don makaɗa daga ƙasashe daban-daban su iya zama tare, ba doka ce da Bach ya sani ba.

Kayan kiɗan ma sun sauya. Gogen Barok tsirkiyarsa ta hanjin tumaki ce, ta yanzu kuwa ƙarfe ce ko roba da aka naɗe da ƙarfe. Bakansa ya fi gajarta, ya fi sauƙi a tsini, saboda haka sauti yakan fito ya lafa da kansa, jan ƙasa ya fi turin sama nauyi, kiɗan ya zama mai gaɓoɓi kamar magana. Bakan da François Tourte ya daidaita a Faris a shekarun 1780 an yi shi ne don dogon sauti mai ƙarfi ɗaya daga gindi har tsini. Matokarin haɓa sai wajen 1820 Louis Spohr ya ƙirƙiro shi. Sarewar Barok ta itace ce mai maɓalli ɗaya, kowane sauti da launinsa, wani a buɗe wani a dushe. Ta ƙarfen da muke gani yau tsarin Theobald Boehm ce ta 1847. Kakakinsu, kamar na fadojin sarakunanmu, bututu ne zalla babu maɓalli, da leɓe kaɗai ake fitar da sautukansa, kuma sai can sama suke matsowa kusa da juna har su isa yin kari. Dalilin da ya sa kakakin Bach ke zama a wannan tsayi mai wuyar hawa ke nan.

Babban dalilin bambancin dai yana cikin takardar kanta, kuma nan nake so ka tsaya ka fahimta da kyau. Mawallafin Barok ba komai yake rubutawa ba. Mai hafsikod layi ɗaya ake ba shi na hannun hagu, da 'yan lambobi a kai masu nuna sautukan da za su dace. Abin da hannun dama zai yi shi zai ƙirƙira a nan take. Sashe mai sanyi sau da yawa ƙashi ne kawai aka rubuta, mai goge ne zai yi masa ado. Sonatocin goge na Corelli sun fito a 1700 da layuka fayau, a 1710 kuma wani mai ɗab'i a Amsadam, Estienne Roger, ya sake buga su da adon da ya ce haka Corelli ke kaɗa su, inda sauti ɗaya a takardar farko ya zama gudun sautuka masu yawa. Mawaƙin ofera in ya dawo kan ɓangaren farko na waƙa, ana sa ran ya sauya shi ya nuna abin da ya iya. A kanceton Brandenburg na uku, BWV 1048, tsakanin sassa biyu masu sauri Bach dunƙulen sauti biyu kawai ya rubuta; wasu ƙungiyoyi sukan kaɗa su haka su wuce, wasu su bar mai goge ko mai hafsikod ya zuba nasa tukuna. Faransawa kuma sukan rubuta sautuka daidai wa daida amma su kaɗa su dogo da gajere, al'adar da François Couperin ya yi magana a kanta a littafinsa na 1716. Na'urar auna sauri ta Maelzel sai 1815 ta fito, saboda haka babu lambar da ke cewa ga saurin da Vivaldi ke so. Sunan rawa ne jagora: sarabandi bugu uku ce mai nauyi a na biyu, jig tsalle take yi, minuwet takun fada ce. Wanda ya san rawar ya san saurin. Mun san waɗannan abubuwa ne daga littattafan koyarwa da makaɗan zamanin suka bari, irin na Quantz, malamin sarewar Sarki Frederick na Furusiya, a 1752, da na Carl Philipp Emanuel, ɗan Bach, a 1753.

To ina salon jan ƙafa mai nauyi ya fito? Bayan rasuwar Bach aka daina jin yawancin kiɗansa a fili, har Mendelssohn ya farfaɗo da babban aikinsa na Wahalar Almasihu bisa Linjilar Matta a Balin a 1829. Waɗanda suka karɓa daga nan da kayan zamaninsu da ɗanɗanon zamaninsu suka kaɗa. Messiah da aka fara yi a Dabilin a 1742 da 'yan gomomin mutane, a bikin tunawa da Handel na 1784 a Westminster fiye da mutum 500 suka yi shi, a ƙarni na 19 kuma dubbai a zauren Crystal Palace. Taro mai wannan yawa ba ya iya gudu, dole sauri ya ragu. Leopold Stokowski ya mayar da BWV 565 kiɗan babbar okestira, Disney ta sa shi a fim ɗin Fantasia a 1940. Komawa ga kayan dauri ta faro da Arnold Dolmetsch da littafinsa na 1915, da Wanda Landowska wadda ta dawo da hafsikod dandamali, ta yi ƙarfi bayan Nikolaus Harnoncourt ya kafa Concentus Musicus a Biyana a 1953. Shi da Gustav Leonhardt ɗan Holan suka fara naɗar kantatocin coci na Bach, wajen 200, a 1971, aikin da ya ci kusan shekara 20. Christopher Hogwood ya kafa tasa ƙungiyar a Ingila a 1973, William Christie a Faransa a 1979, Masaaki Suzuki a Japan a 1990.

Su ma masu kayan daurin bakinsu bai zo ɗaya ba. Ɗauki karkarwar yatsa da mai goge ke yi don sauti ya yi rawa. Geminiani a 1751 ya ba da shawarar a yawaita ta, Leopold, mahaifin Mozart, a 1756 ya soki masu yin ta a kan kowane sauti. Dukansu shaidu ne na zamani ɗaya. A 1981 Joshua Rifkin ya kawo hujjar cewa Bach a Laifzig galibi mawaƙi ɗaya yake sawa a kowace murya, wasu suka bi shi, wasu har yau suna musu. Masani Richard Taruskin kuma ya ce wannan salo mai tsabta da sauri ya fi nuna ɗanɗanon ƙarni na 20 fiye da na 18, kuma akwai gaskiya a maganarsa. Ba zan ce maka ga faifai na ainihi ba, domin babu shi. Amma ba zan ce duka ɗaya ne ba. Ma'aunina uku ne: shin ina jin muryar ƙasa tana tafiya, shin muryoyin tsakiya suna fitowa ko an binne su, shin in rawa ce ƙafa za ta iya binta. Faifan da ya cika waɗannan ya yi wa kiɗan adalci ko da wane kaya aka kaɗa. Glenn Gould ya naɗi BWV 988 na Bach da fiyano, abin kiɗan da Bach bai tsara wannan aiki dominsa ba, sau ɗaya a 1955 cikin kimanin minti 38, sau ɗaya a 1981 cikin kimanin minti 51, kuma a duka biyun babu muryar da ta ɓace. Abin da nake ƙi da gaske shi ne kundayen nan na kiɗan barci da na karatu, waɗanda ke yanke sashe ɗaya daga cikin aiki, su rage masa sauri, su lulluɓe shi da amsa-kuwwa, su goge sunan mai shi da na makaɗan da suka sha wahalarsa. Zalunci ne ga mutanen da suka yi aikin, kuma cuta ce ga kunnen mai koyo.

Kunne da gwadawa yake koyo. Ka nemi Canon na Pachelbel na ƙungiyar Jean-François Paillard na 1968, wanda shi ya yaɗa kiɗan a duniya, kusan minti 7 a natse, ka bi shi da na Musica Antiqua Köln da ke gamawa cikin kusan rabin wannan lokaci. Ka haɗa RV 269 na I Musici na shekarun 1950 da na Il Giardino Armonico na shekarun 1990. Kada ka tambayi kanka wanne ya fi daɗi a karon farko. Ka tambayi abin da ka ji a wannan da ba ka ji a wancan ba. A wannan makon ka fara da BWV 1048, faifai ɗaya na kafin 1970, ɗaya na bayan 1990, ka tsaya a dunƙulen sautin nan biyu na tsakiya ka ji abin da kowace ƙungiya ta yi da su.